Bayan Maganin Sankarar Mama: Abin da Abinci da Motsa Jiki Ke Gyarawa, da Inda Ikonsu Ya Tsaya

Matar da ta gama maganin sankarar mama a Gombe takan koma gida ta tarar da shawarwari sun fi ƙarfinta. Wannan ya ce ta bar sukari kwata-kwata domin shi ne abincin daji. Waccan ta ce kada ta kusanci awara. Uwar miji ta ce ta kwanta ta huta, ko buta kada ta ɗaga da hannun da aka yi wa aiki. Ƙawaye kuma su kawo mata maganin ƙiba don ta ciko, mutane su daina binta da kallo a gidan biki. Ƙauna ce ke sa kowa magana, amma wasu daga cikin shawarwarin suna cutarwa, wasu kuma suna da gaskiya a ciki, sai dai an ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba.

Ma'anar kalmomi

Sankara, kansa da ciwon daji duk abu ɗaya ne: ƙwayoyin halittar jiki ne ke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su mamaye maƙwabtansu. Kimo shi ne maganin da ake sawa ta jijiya don kashe waɗannan ƙwayoyi, gashi kuwa shi ne ƙona su da na'ura. Idan aka ce wadda ta tsira, a nan ana nufin matar da ta gama tiyata da kimo ko gashi, ko da tana ci gaba da shan ƙwayar kariya kullum.

Sarrafa abinci a jiki, wanda likitoci ke kira metabolizim, shi ne yadda jiki ke mayar da abin da aka ci ya zama ƙarfi, ya ajiye ragowar. Babban jami'in wannan aiki shi ne insulin, sinadarin da wata gaɓa a bayan tumbi ke fitarwa don ya shigar da sukarin jini cikin tsoka da hanta. Idan kitse ya taru a ciki, tsoka kuma ta ragu, jiki yakan daina jin kiran insulin sosai, sai a riƙa fitar da shi da yawa kafin aiki ya yiwu. Daga nan ake kama hanyar ciwon suga.

Likitoci na da ma'auni biyar na gane wannan rikicewa a jikin mace. Faɗin ƙugu ya kai santimita 80, awon jini ya kai 130 bisa 85, sukarin jini kafin karin kumallo ya kai miligiram 100, kitsen jini mai suna tiraigilisaraid ya kai 150, sannan kolestirol mai amfani, wanda ake rubutawa HDL a takardar gwaji, ya gaza 50. Wadda ta haɗa uku daga cikin biyar ɗin nan tana cikin haɗarin ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ko da ba ta jin ciwon komai.

Yadda lamarin yake a nan

Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu. Babu wata kansa da ta kai ta yawa a ƙasar. Wani babban bincike da ya bi diddigin mata a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa shi a 2020, ya gano cewa a cikin 'yan Nijeriyar da aka bibiya, kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye bayan shekara uku da gano cutar. Babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare, sai kuma katse magani a tsakiya saboda kuɗi ko saboda tsohon camfin nan na cewa daji ba ya son allura.

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka, wanda har yanzu wasu ke kira FMC, shi ne matattarar masu wannan cuta daga Gombe da jihohin da ke kewaye da ita. Yana cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta fara gwada asusun tallafa wa masu kansa a cikinsu, tare da na Zariya, Abuja, Ibadan, Benin da Enugu, kuma sankarar mama na cikin cututtuka uku da asusun ya ƙunsa. Duk yadda aka samu ci gaba wajen gano cutar da wuri da biyan kuɗin magani, yawan matan da ke rayuwa shekaru bayan magani zai ƙaru. A ƙasashen da suka riga mu kaiwa wannan mataki an ga abin da ke biyo baya: a tsakanin tsofaffin matan Amurka da aka gano musu cutar da wuri, ciwon zuciya yana kashe kwatankwacin waɗanda sankarar kanta ke kashewa.

Abin da magani ke bari a jiki

Ba kwaɗayi ko lalaci ke sa jikin mace ya sauya bayan magani ba, kuma ya kamata dangi su san haka kafin su fara yi mata gori. Kimo yakan ɗauke al'ada da wuri, wani lokaci tun mace na da shekara talatin da 'yan kai, kuma da zarar al'ada ta ɗauke sai kitse ya koma taruwa a ciki. Ana haɗa kimo da wani magani mai suna dexamethasone don rage amai, shi kuwa yana buɗe ciki kuma yana ɗaga sukarin jini. Ga watanni na kwanciya da kasala, waɗanda ke zaizaye tsoka. Sakamakon shi ne mace ta iya hawa sikeli ta ga nauyinta bai sauya ba, alhali tsoka ta tafi kitse ya maye gurbinta.

Wani bincike a Kalifoniya ta Amurka, wanda aka wallafa a 2016, ya auna mata 86 da ba su da wannan rikicewa kafin kimo. Bayan kimanin wata huɗu, sama da kashi 70 cikin 100 nasu sun haɗa uku daga ma'aunan nan biyar.

Zuciya ma tana shan nata. Jan maganin nan na kimo, doxorubicin, da allurar trastuzumab, suna iya raunana tsokar zuciya. Ƙwayar tamoxifen kan ɗaga kitsen jini ta kuma tara kitse a hanta ga wasu. Anastrozole da letrozole, waɗanda ake ba matan da al'adarsu ta ɗauke, sukan kawo ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Duk da haka amfanin waɗannan magunguna ya rinjayi illarsu nesa ba kusa ba. Shan tamoxifen na shekara biyar yana rage mace-macen da cutar ke jawowa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga matan da sankararsu ke cin sinadarin mata, wato istirojin. Babu wani abinci da aka taɓa nuna yana yin haka.

Akwai kuma dalilin da ya sa kitse ya dami likitocin kansa musamman. Bayan ɗaukewar al'ada, kitsen jiki ne ke zama babbar masana'antar istirojin, kuma mafi yawan sankarar mama a duniya da shi take girma. Insulin mai yawa shi ma yana zuga ƙwayoyin halitta su hayayyafa.

Inda masana suka yarda da inda suka saɓa

Tambaya biyu ce a nan, kuma cakuɗa su shi ne tushen ruɗanin. Ta farko: shin gyara abinci da motsa jiki na daidaita sukari, hawan jini, kitsen jini da ƙarfin tsoka? Ta biyu: shin suna hana sankarar dawowa?

A kan ta farko babu jayayya. Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka wallafa a 2018. An raba mata 100 masu ƙiba da suka gama magani gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka yi mako 16 suna motsa jiki sau uku a mako, suna haɗa atisayen da ke sa haki da na ɗaga nauyi. Rabi suka ci gaba da rayuwarsu yadda suka saba. Da farko kusan kashi 77 cikin 100 na matan suna da rikicewar. A ƙarshe, kashi 15 ne kacal ke da ita a cikin masu motsa jiki, yayin da ɗaya rukunin ke kan kashi 80. Wata huɗu kawai, ba tare da ƙarin ƙwaya ko ɗaya ba.

Ta biyu ce mai sarƙaƙiya. A 2005 wani bincike a kan ma'aikatan jinya kusan 3,000 a Amurka da suka yi sankarar mama ya nuna cewa waɗanda ke tafiya a ƙafa awa uku zuwa biyar a mako, haɗarin mutuwarsu daga cutar ya kusa zama rabin na marasa motsi. Adadi ne mai faranta rai, amma masu suka sun yi tambaya mai ma'ana: ko tafiyar ce ta ba su lafiya, ko kuwa masu sauƙin ciwo ne dama suka iya tafiyar? Binciken da ke kallon mutane kawai ba ya raba wannan gardama.

Gwaje-gwajen abinci guda biyu kuma sun ba da amsa mabambanta. A na farko, wanda ya fito a 2006, an sa wani ɓangare na mata 2,437 rage mai a abincinsu, aka ga dawowar cutar ta ragu da kusan kashi 24 cikin 100. A na biyu, na 2007, an sa wani ɓangare na mata 3,088 cin ganye da 'ya'yan itace da yawan gaske na tsawon shekaru, amma ba a ga wani bambanci ba. Wasu masana na ganin sirrin yana cikin nauyi: matan gwajin farko sun ɗan rage ƙiba, na biyu ba su rage ba. Wasu kuma na ganin tasirin abinci kaɗai a kan dawowar cutar bai kai yadda ake fata ba. Har maganin suga na metformin an gwada a kan mata sama da 3,600 marasa ciwon suga, da fatan rage insulin zai hana cutar dawowa, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai hana ba.

Masu kyakkyawan zato sun samu ƙarin hujja a 2025, lokacin da wani gwaji a kan mutum 889 ya nuna tsararren motsa jiki ya rage dawowar kansa da mace-mace. Sai dai kansar hanji ce, ba ta mama ba. Matsayin da ya fi adalci a yanzu shi ne: amfanin ga zuciya, sukari, ƙashi, barci da kasala tabbatacce ne, amfanin wajen hana dawowar sankarar mama kuwa akwai alamu masu ƙarfi, amma bai kai a yi wa kowa alkawari ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci ta fuskar tausayi ma. Matar da cutarta ta dawo bai kamata a bar ta tana zargin kanta a kan wani abu da ta ci ba.

Tukunyar gida

Abin daɗi shi ne, abincin da masana ke kwatantawa ya fi kama da na kakanninmu fiye da na manyan kantuna. Hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, wake, ganye, ɗan kifi ko ƙwai, mai kaɗan. Dawa, gero, wake da gurjiya suna nan jibge a Tudun Hatsi. Tumatir, albasa da ganye na shigowa daga Kwadon da lambunan Dadin Kowa. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake da alayyafo, ɗanwake, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, galibinsu suna sakin sukari cikin jini a hankali fiye da farar shinkafa, burodi, taliyar leda da fanke. Gyaran da ake bukata sau da yawa a rabon kwano yake: a rage malmalar tuwo, a ƙara miya da ganye, a sa wake ko kifi a gefe domin tsoka ba ta ginuwa sai da su. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Gyaɗa da masara kuma a zaɓi busassu masu tsabta, domin waɗanda suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

Batun sukari na bukatar a tsaya a kansa. Gaskiya ne ƙwayoyin sankara na cin sukarin jini, amma haka ƙwaƙwalwa da tsoka da kowace gaɓa. Tuwo, dankali da ayaba duk sukari suke komawa a ciki, kuma ko mutum ya daina cin su baki ɗaya hanta za ta ƙera nata. Saboda haka ba a kashe sankara da yunwa, sai dai a galabaita mai ita. Illar sukari ta wata hanya take zuwa, ta ƙiba da gajiyar da insulin, kuma da yawansa a ruwa ake shansa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, kuma robar lemon kwalba guda mai rabin lita ta kan cinye wannan kason gaba ɗaya. Sai a lissafa shayin safe mai madarar gwangwani, kunun zaƙi, zoɓo da fura da aka zuba wa sukari. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya da katan-katan shi ma cike yake da sukari, duk da sunan da ya yi na ƙarin jini.

Awara kuwa an zalunce ta. Tsoron ya samo asali ne daga cewa waken suya na da wani sinadari mai ɗan kama da istirojin, kuma gwajin farko a kan ɓeraye ya tayar da hankali. Da aka koma kan mutane sai labari ya sha bamban. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bibiyi mata 5,042 da suka yi sankarar mama, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna masu yawan cin abincin waken suya ba su fi sauran fuskantar dawowar cutar ba, hasali ma ta fi ƙaranci a cikinsu, har da masu shan tamoxifen. Ga mai ƙaramin ƙarfi a Bolari ko Jekadafari, awara na cikin mafi arahar abin gina jiki. Abin dubawa shi ne man da ake soya ta a ciki ana maimaitawa. A miya ko a gasa ta fi.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne. Daddawa da kayan ƙamshi na rage bukatarsa. Giya da burkutu suna ƙara haɗarin sankarar mama, wannan tabbatacce ne. Zogale da habbatus sauda abinci ne masu kyau, amma ba a nuna suna warkar da kansa ba, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna iya wahalar da hanta da ƙodar da kimo ya riga ya gajiyar. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa dexamethasone ne a cikinsu. Kumburi da kitse suke kawowa, su ɗaga sukari da jini, su cinye tsoka da ƙashi, wato daidai abin da ake ƙoƙarin gyarawa.

Motsa jiki, da maganar hannu

Ma'aunin shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaici na nufin numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙaranci, kuma ana iya yanka shi goma-goma. Wadda ta daɗe a kwance ta fara da minti biyar. Sannu ba ta hana zuwa. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana da amfani na musamman, domin tsoka mai aiki na janye sukari daga jini nan take.

Ba sai an je filin wasa na Pantami ko an sa kayan 'yan ƙwallo ba. Zagaya tsakar gida, zuwa Islamiyya ko coci ko kasuwar unguwa a ƙafa maimakon hawa Keke Napep, shara da surfe, duk suna cikin lissafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, bayan sallar asuba ko gab da magariba ne lokacin. Ƙarfafa tsoka kuma ana yinsa da tashi da zama a kan kujera sau goma, tura bango da hannu biyu, ko ɗaga robar ruwa. A nan rawar miji babba ce: izninsa, ko ma rakiyarsa, sau da yawa shi ne ke raba wadda ta ci gaba da wadda ta bari bayan mako biyu.

A da, likitoci da kansu sun yi shekaru da dama suna hana matan da aka cire wa kaluluwar hamata ɗaga abu mai nauyi, don gudun kumburin hannu. Gwajin da aka wallafa a 2009 a kan mata 141 masu wannan kumburi ya sauya fahimtar: ɗaga nauyi a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan tare da safar matse hannu, bai ƙara kumburin ba, ya ma rage yawan tashinsa. Hannun da aka bari ba aiki shi ne ke sanƙarewa ya raunana. Wannan ba izni ba ne na ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25 rana ɗaya. A fara da ma'aikacin fisiyo ya nuna yadda ake yi. Haka ciwon gaɓoɓin da anastrozole ke kawowa, an nuna motsa jiki na rage shi, kuma hakan na taimaka wa mace ta ci gaba da shan maganinta.

Akwai alamun da ke cewa a tsaya a ga likita: ciwon ƙirji, haki fiye da ƙima, jiri, zazzaɓi, sabon ciwon ƙashi ko baya da ba ya tafiya. Wadda cutar ta taɓa mata ƙashi, ko ƙafarta ke dindiris bayan kimo, tana bukatar tsari na daban.

Wadda bai kamata ta rage nauyi ba

Kusan duk gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a kan matan da aka gano cutarsu da wuri, da yawansu masu ƙiba, a ƙasashen da abinci ya wadata. Da yawa daga matan da ke zuwa asibiti a Gombe akasin haka suke: sun zo a makare, sun rame, jininsu ya yi ƙasa, an sayar da akuya da gona an biya kimo. Gaya wa irin wannan mata ta bar tuwo, ta bar nama, ta bar mai saboda wani saƙon WhatsApp zalunci ne. Ita ƙarin abinci take bukata, kaɗan-kaɗan sau da yawa: ƙwai, nono, wake, kunun gyaɗa, kifi, hanta. Haka wadda ke tsakiyar kimo, ba lokacin rage nauyi ba ne. Ramar da ba a nema ba kuma alama ce da ya kamata likita ya ji.

Ga mai ƙiba da ta gama magani, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta a cikin watanni ya isa ya motsa sukari da hawan jini. Mai kilo 80 ke nan ta sauke huɗu zuwa takwas. A al'adar da ake ɗaukar cikar jiki alamar hutu da kulawar miji, wannan na bukatar a fahimtar da dangi tun da wuri, don kada su ɗauka ciwon ne ya dawo. Azumin Ramadan kuma a tattauna shi da likita tun a Sha'aban, musamman ga mai ciwon suga. Wadda ta samu izni ta lura da buɗa-baki, inda ƙosai, soyayyen dankali da kunu mai sukari ke haɗuwa a faranti ɗaya.

Abin da ya rage ga asibiti

Ziyarar bibiya a asibitocin kansa ta fi karkata ga tambaya ɗaya, ko ƙullutu ya dawo. Huɗu daga abubuwan da suka shafi wannan sharhi ba su da tsada: awon jini, awon nauyi, tef irin na tela a ƙugu, da ɗigon jini a yatsa don sukari. Gwajin kitsen jini ne kaɗai ke bukatar ɗakin gwaji, kuma sau ɗaya a shekara ya wadatar ga mafi yawa. Duk ana iya yin huɗun farkon a cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwa, ba sai matar Kumo ko Bajoga ta biya kuɗin mota zuwa Gombe ba, in dai an rubuta mata takardar da ke nuna irin magungunan da ta sha da abin da za a riƙa dubawa. Hukumar GoHealth ta jihar, da ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya, tana da hanyar da za ta sa waɗannan awo su zama na yau da kullum ga matan da suka yi rajista.

Akwai kuma aikin da ke jiran Asibitin Koyarwa da Jami'ar Jihar Gombe. Ma'aunin ƙugu na santimita 80 daga matan Turai aka aro shi, kuma jadawalin abincin gwaje-gwajen nan babu tuwon dawa ko ɗanwake a ciki. Gwaji irin na mata ɗari da mako goma sha shida bai fi ƙarfin likitoci, masana abinci da ma'aikatan fisiyo na Gombe ba, in aka gina shi a kan tafiyar asuba, kujerar tsakar gida da abin da ake saye a Tudun Hatsi.